Dabino, Giginya da Furannin Ado: Haɗarin da ke Tsaye a Tsakar Gida

Jama'a, dasa itace aikin alheri ne, ba mai musun wannan. Wanda ya dasa dabino ko mangwaro ya bar wa jikokinsa abin ci da inuwa, ya kuma sa hannu wajen tare hamadar da ke matso mu kowace shekara. Saboda haka wannan takarda ba ta zo don ta kashe wa kowa gwiwa ba. Abin da ta zo faɗa shi ne, kowane itace da halinsa, kuma wajibi ne maigida ya san halin duk abin da ke tsaye cikin gidansa tun kafin ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsa, ko ya bar yara su yi wasa a gindinsa.

Mutanen da sun san haka. In ka dubi tsofaffin garuruwanmu, za ka ga giginya tana fadama, goruba tana gona, tinya da ƙerana suna can bakin iyaka inda ake so su tare dabba da ɓarawo. Ba a kawo su kusa da randa da murhu. Yau kuwa filaye sun tsuke, katanga ta haɗu da katanga, ga sha'awar ƙawata farfajiya ta shigo. Sai mutum ya tsaya bakin titi a Kano ko Kaduna ko Yamai, ya sayi tsiro a baƙar leda don ganyensa ya burge shi, ya kawo ya dasa a ƙofar ɗaki. Bai tambayi ko mene ne ba. Ko da ya tambaya, amsar da zai samu ba ta wuce, "Fulawa ce mai kyau, Alhaji."

Ƙayar dabino

Bari mu fara da wanda muka fi ƙauna. Dabino abin alfahari ne daga Bilma da Ingal har zuwa Dutse, inda akwai tashar binciken dabino ta gwamnatin tarayya. Amma duk wanda ya taɓa aikinsa ya san a gindin kowane reshe akwai jerin ƙayoyi masu tsini, wasu sun fi ɗan yatsa tsawo. Mutane sukan ɗauka babban dabino ne abin tsoro. A cikin gida ƙaramin ya fi shi haɗari, domin a shekarunsa na farko rassansa a ƙasa suke baje, ƙayar kuma tana daidai gwiwar babba, daidai idon yaro.

Abin da ya bambanta wannan ƙaya da ƙusa ko allura shi ne tana da gautsi a baki. In ta shiga jiki sai tsininta ya karye ya zauna can ciki. Mutum ya zare abin da ya gani, jini ya ɗan ɗiga ya tsaya, bakin ciwon ya rufe cikin kwana biyu, kowa ya manta. Bayan makonni, wani lokaci watanni, sai gwiwa ko wuyan hannu ko gaɓar yatsa ta kumbura ta yi zafi, ta ƙi lanƙwasuwa. A nan ne ake ɓata lokaci. Wani ya ce sanyin ƙashi ne, wani ya ce targaɗe, wani ya ce jifa. A yi ta shafe-shafe da tsaga, alhali ɗan guntun ƙaya ne ke kwance cikin gaɓa tare da ƙwayoyin cutar da ya shigo da su. Ko an je asibiti, hoton ƙashi ba ya nuna ƙayar itace yadda yake nuna ƙarfe. Sikanin irin wanda ake yi wa masu ciki ya fi gano ta, kuma sau da yawa ciwon ba ya warkewa sai an yi ɗan aiki an fid da ita. Don haka in ka kai yaro mai kumburin gwiwa, ka tuna ka gaya wa likita cewa akwai dabino a gidan, kuma ya taɓa sukarsa, ko da abin ya daɗe. Wannan magana ɗaya tana iya rage muku wahalar wata da watanni.

Kada kuma a manta da tsinkau-tsinkau. Ƙwayarsa tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma ciwo mai zurfi mai ƙaramin baki shi ta fi so. Wanda ƙaya ta soke shi da zurfi, ya wanke da ruwa da sabulu, ya je a duba ko yana bukatar allurar rigakafi. Tonon ciwo da reza ko tsinke ƙara tura datti ciki ne kawai.

Goruba ma ba a bar ta a baya ba, rassanta suna da baƙaƙen ƙayoyi masu ƙugiya, kamar yadda masu yankan kaba suka sani. Haka kwakwar manja, ga ƙaya a reshe ga ƙaya a jikin damin 'ya'yanta. Maganin duka ɗaya ne. A datse ƙayoyin ƙasa tun itacen yana ƙarami, a sa takalmi mai rufi in za a yi aikin, reshen da aka sare kuma kada a yar da shi a hanya ko inda yara ke gudu ba takalmi.

Abin da ke faɗowa daga sama

Hausawa suna yi wa giginya kirari da cewa na nesa ka sha inuwarta. Galibi gugar zana ake yi da shi, amma ga mai hankali har da gargaɗi a ciki. Giginya takan kai mita 20 zuwa 25, ɗanta guda kuma yakan kai kilo ɗaya ko fiye. Abin da ya faɗo daga mita 20 yana isa ƙasa da gudun wajen kilomita 70 a awa. Ka auna wannan a kan maɗigar jariri da aka kwantar a gindinta uwarsa tana aiki a gona. Mutanen yankin Gaya a Jamhuriyar Nijar, inda giginya ta yi daji guda, ba sai an gaya musu ba. Ɗan birni da ya tarar da ita a filin da ya saya, ya zagaye ta da gini don sha'awa, shi ne ke bukatar a tuna masa.

A kan kwakwar Attagara, akwai wani likita mai suna Peter Barss da ya yi aiki a ƙasar Papuwa Niyu Gini. A 1984 ya buga bayanin abin da ya gani a asibitinsa cikin shekara huɗu: kashi 2.5 cikin ɗari na waɗanda aka kwantar saboda rauni, kwakwa ce ta faɗo musu. Wasu sai da aka buɗe musu ƙoƙon kai. Daga baya mutane suka riƙa yaɗa cewa kwakwa tana kashe mutum 150 a duniya kowace shekara. Wannan adadi ba shi da tushe, kuma ba a bukatar ƙarya kafin a tsorata da abin da ke fasa kai.

Akwai kuma dogayen kwakwar ado masu santsin jiki da ake jerawa a otal-otal da manyan gidaje. Ba su da 'ya'ya masu nauyi, amma busasshen reshensu da kansa yake ɓallewa, ba sallama, kuma nauyinsa ya isa ya farfasa gilashin mota ko ya karya kafaɗa. In kana da su, ka riƙa ɗaga kai. Reshen da ya soma rawaya ya sunkuyo, a sauke shi kafin iska ta sauke shi.

Hakan nan dogonyaro da turare. Su ba dangin dabino ba ne, amma guguwar farkon damina ta fi samun su, musamman waɗanda aka malale gindinsu da siminti, ko aka datse musu saiwa wajen haƙa kwata, ko gara ta cinye cikinsu. Watan da hadari ya fara haɗuwa, lokacin zagaya itatuwan gida ke nan. Manomi da makiyayi kuma su guji fakewa gindin doguwar giginya da ke tsaye ita kaɗai in ana tsawa, domin aradu ta fi faɗa wa abin da ya fi tsawo a fili.

Mai hawa

Dabino sai an hau shi, domin akwai namiji akwai mace, kuma mai son 'ya'ya masu kyau sai ya kai wa macen garin furen namiji da hannunsa. Ga hawan sara, ga hawan girbi. Mafi yawan munanan raunukan da wannan iyali na itatuwa ke jawowa, faɗowa ce: igiya ta tsufa ta tsinke, ko gindin reshen da aka taka ya ruɓe, ko kunama ko zanzaro ya harbi mutum yana sama ya saki hannu. Wani kuma reshe ne ɗanye ya taɓa wayar lantarki, wuta ta bi ta jikinsa. Itacen da ke kusa da waya ba a taɓa shi sai an tabbatar ma'aikatan lantarki sun kashe layin. Kada ka dogara da cewa an ɗauke wuta, ba ka san lokacin da za a kawo ta ba.

A jihar Kalifoniya ta Amurka akwai wata irin mutuwa da hukumomin lafiya suka sha yin gargaɗi a kanta. Suna da wani dogon itace mai ganye irin na giginya, wanda busassun rassansa ba sa faɗuwa, sai su taru su lulluɓe jikinsa shekara da shekaru. Mai sara ya hau daga ƙasa yana janye su, sai tarin gaba ɗaya ya sulluɓo ya danne shi a kan igiyar da ya ɗaure ƙugunsa da ita, ƙirji ya kasa buɗewa, numfashi ya yanke kafin a kai masa ɗauki. Shawarar da suka bayar ita ce a fara daga sama a yiwo ƙasa, kada mutum ya shiga ƙarƙashin tarin. Irin waɗannan itatuwa na ado sun fara shigowa biranenmu, kuma yaran da ake ba 'yan kuɗi su hau su share ba wanda ya koya musu wannan.

Kai maigida, in ka sa a hau maka itace, ka duba igiyar da idonka, kada ka sa yaro, kada kuma a hau ba kowa a ƙasa. In ƙaddara ta faɗa mutum ya faɗo, to, a nan ne masu taimako suka fi yin ɓarna. Kada a ɗaga shi zaune, kada a ciccibe shi hannu da ƙafa, kada a murɗa wuyansa don a ga ko ya karye. A riƙe kansa daidai da jikinsa, a mirgina shi gaba ɗaya kan ƙyaure ko faffaɗan katako, a kai shi asibiti a haka. Ƙashin baya da ya tsage, in aka lanƙwasa shi yana iya datse laka, mutumin da zai tashi da ƙafafunsa ya ƙare rayuwa a kwance. Wannan ba aikin maɗori ba ne.

Tarin busassun rassa da kaba a lungun gida kuwa masauki ne na ɓera da kunama, inda ɓera ya tare kuma maciji yana tafe. Asibitin masu fama da saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe shaida ne kan abin da kububuwa ke yi wa mutanen karkara. Ga shi kuma da rani ƙyastu ɗaya ya ishi busassun rassan kamawa da wuta. Jemagu ma abin lura ne. A can Bangaladash, tun 2001 kusan kowace shekara ana samun cutar Nifa mai kumbura ƙwaƙwalwa, daga shan ɗanyen ruwan da ake tara a jikin wani dabino, wanda jemagu suka lasa ko suka yi wa fitsari da dare. Cutar ta can ce, amma ɗan itacen da aka tsinta a ƙasa da shaidar haƙorin jemage, ko a nan ba abin ba yaro ba ne.

Abin da akuya ta ƙi

Yanzu mu zo ga masu dafi. Ka taɓa tambayar kanka me ya sa ake zaɓen wasu tsirrai don shinge? Don dabbobi ba sa cin su. To, me ya hana akuya, wadda ba ta barin takarda da tsumma, ta taɓa su? Yaro ɗan shekara uku ba shi da wannan wayon na akuya.

Wanda ya fi cancanta a san shi shi ne wani ɗan itace mai siraran ganye dogaye masu sheƙi, furensa rawaya mai siffar ƙararrawa, ɗansa kore, a ciki akwai ƙodago mai kusurwa, in ka karya reshensa farin ruwa ya fito. Asalinsa daga nahiyar Amurka yake, amma ya zama ɗan gida a shingen makarantu da asibitoci da barikoki. Ana kiransa oliyanda mai rawaya. Ganyensa da furensa da ruwansa duk dafi ne, ƙwayar cikin ƙodagon ta fi duka, kuma zuciya dafin yake nufa. Ƙwaya ɗaya ko biyu tana iya kashe yaro. A Siri Lanka mutane dubbai ne ake kwantarwa a asibiti saboda shi. Yakan fara da amai da jiri, sannan bugun zuciya ya ragu ya rikice. Muguntarsa ita ce mutum yakan yi kamar ya ware, bayan kwana ɗaya ko biyu zuciya ta tsaya. Ɗan'uwansa mai fure ja ko fari ko ruwan hoda haka yake. Kariya ma, wadda yanzu ake sa wa a tukunyar ado saboda kyawun furenta, danginsu ce, kuma da ruwanta maharba a sassan Afirka ke haɗa dafin kibiya.

Bini-da-zugu shi ya fi kama yara, don ƙwayarsa tana da gardi kamar gyaɗa. Sukan ci a ƙungiya a hanyar makaranta, cikin awa guda a ga yara biyar ko shida suna amai da gudawa lokaci ɗaya. Galibi suna warkewa in aka mayar musu da ruwan jiki da wuri, amma ƙaramin yaro ba ya jure zubar ruwa. Zurma ta fi shi sharri nesa ba kusa ba. Man da ake tatsa daga gare ta ba shi ɗauke da dafin, a cikin tunkuzar yake zama, shi ya sa ake raina ta. Da dafin zurma aka kashe marubucin Bulgeriya Georgi Markov a London a 1978, da ɗan abin da bai fi kan allura ba. Idon zakara, jan nan mai baƙin ɗigo da yara ke tarawa suna wasa, dafinsa ya ma fi na zurma ƙarfi. In an haɗiye shi da ɓawonsa yakan wuce, in an tauna ko an huda shi, magana ta canja.

Zaƙami kowa ya san aikinsa: baki ya bushe, ƙwayar ido ta buɗe, jiki ya yi zafi, mutum ya yi ta sambatu yana kamun abin da babu. Samarin da ke zuba shi a abin sha wajen biki suna kiransa wasa, alhali ba wanda ya san yawan dafin da ke cikin kowace ƙwaya, wadda ta sa wani dariya jiya ita za ta kai wani kabari yau. A 2019 a yankin Karamoja na Yuganda, 'ya'yansa suka gauraya da garin kunun agaji, mutum wajen 300 suka kwanta, biyar suka rasu. Ba sai an dasa shi ba, da kansa yake fitowa a juji da kango, sai a tuge shi tun bai yi 'ya'ya ba.

Akwai baƙi biyu da suka shiga har falo. Ɗaya gajere ne mai kama da ɗan dabino, ganyensa ƙaƙƙarfa mai sheƙi, 'ya'yansa ja-ja, ana ce masa saikas. Ba dabino ba ne ko kusa, kuma dafinsa hanta yake lalatawa, ga mutum ga kare ga tumaki. Ɗayan mai faffaɗan ganye ne kore da ɗigo-ɗigon fari, wanda ake ajiyewa a tukunya kusa da talabijin. Yaro mai rarrafe in ya tauna shi, leɓe da harshe su kumbura, yawu ya yi ta zuba, ya kasa magana. A goge masa baki, a ba shi ruwan sanyi kaɗan-kaɗan, in numfashi ya fara yi masa wuya a ruga asibiti.

Masu farin ruwa kuwa, wato tinya da ƙerana da aguwa da tumfafiya, ido suka fi cuta. Yara sukan fasa ƙwallon tumfafiya, masu gyaran shinge kuma su share gumi da hannun da ya taɓa ruwan. Magani na farko ruwa ne mai tsabta, a buɗe idon a yi ta kwarara masa har minti 15 zuwa 20, sannan a nufi likitan ido. Ban da nonon uwa, ban da kwalli, ban da ruwan sukari.

Ke uwargida, ga abin da ya shafe ki kai tsaye, don ke ce kika fi kusa in abu ya faru. An saba in yaro ya ci dafi a ɗura masa manja ko madara, ko a zura masa yatsa a maƙogwaro. A daina. Manja ba ya kashe dafin waɗannan tsirrai, kuma yaron da hankalinsa ya fara gushewa, abin da aka ɗura masa huhu yake tafiya. Ki cire abin da ya rage a bakinsa, ki kwantar da shi ta gefe, ki tsinko reshen abin da ya ci da ganye da fure da ɗa, ki ƙulle a leda ki tafi da shi. Ki lura da lokacin da ya ci, ki kuma tambayi abokan wasansa wa da wa suka ci, don yaro mai tsoron duka ba ya faɗa. Kada ki jira sai alama ta bayyana, kada kuma ki ɗauke shi daga asibiti don ya nemi abinci, sai likita ya sallame shi.

A ganina, gidan da ke da yara ƙanana da makarantar firamare ba su da wani uzuri na ajiye oliyanda ko zurma ko bini-da-zugu, ga zogale da lalle da lemun tsami suna yin shinge su kuma yi amfani. Shugaban makaranta ya zagaya shingensa tare da malamin gona, mai unguwa ya yi wa masu kango magana. In an tashi cirewa, a sa safar hannu, a kare ido, a tono har saiwa. Rassan oliyanda ba a hura wutar girki da su don hayaƙinsu ma yana cutarwa, ba a yin asuwaki ko tsinken tsire da su, ba a kuma zuba su a juji inda tumaki ke kiwo, domin dabbar da ta ƙi ɗanyen ganye takan ci busasshe in ya gauraya da harawa. A haƙa rami nesa da rijiya a binne su.